Makulli a Garo, Shago a Gwarzo

Na Uwaliya Muhammad Nur

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina cigaba, ina cigaba", ga shi nan, ku sarara min haka. Wayar ce ta faɗa bokitin wanki, kwana biyu tana kwance cikin ɗanyar shinkafa tana jinya. Ke kuma da kika ce na fiye son Sa'adiya ina ɓoye laifinta, karanta na yau tukuna sai mu yi magana.

*

Tun da aka sauko daga idi hankalin Sa'adiya bai kwanta da wayar ƙaninta Jibirin ba.

Yana zaune a tabarmar maza ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, shadda sai ƙyalli take, wayar a kife kan cinyarsa. Bini-bini sai ta yi gurnani, ya ɗaga gefenta kaɗan ya leƙa, ya mayar ya kife. Mai karɓar saƙon barka da Sallah ba haka yake yi ba, shi murmushi yake ya nuna wa na kusa da shi. Jibirin kuwa sai ya waiga hagu ya waiga dama kafin ya duba.

Kun dai san dokar gidan. Mahaifinsu marigayi Alhaji Ashiru ya bar musu shagon kayan masarufi a bakin kasuwar Gwarzo, ya bar shi da sharaɗi guda: ba a buɗe shi ranar Sallah da washegarinta. Ranar jajibiri bayan la'asar ake rufewa, a kawo makulli nan Garo hannun mahaifiyarsu Inna Gwamma, ta rataye shi a ƙusar da ke saman gadonta, sai rana ta uku a zo a karɓa. Mai shago da ma'aikaci, kowa ya tafi cikin iyalinsa.

Shekara biyu da suka wuce wata mata ta zo gaisuwa ta yi suɓul da baka, wai ta sayi man gyaɗa a shagon ranar Sallah. Inna ta tashi karɓe shagon daga hannun Jibirin. Ya yi rantsuwa har da hawaye cewa shagon maƙwabci matar ta shiga. Sa'adiya ce, yayarsa, ta durƙusa ta tsaya masa, ta ce ta san ɗan'uwanta ba zai aikata ba. Abin da Inna ta faɗa mata a ranar har yau yana kunnenta.

"Na bar shi a bakinki. Idona ya yi rauni, ke ce idona yanzu. Ran da na ji an buɗe, kuma kin sani kika rufe ni, ku biyun kun fita daga raina."

Shi ya sa duk gurnanin da wayar nan ta yi, a ƙirjin Sa'adiya yake sauka.

Ta tashi ta shiga madafa don ta daina kallonsa. Badi'a matar Jibirin na can tana kwashe waina, gumi ya wanke kwalliyar da aka ɓata awa guda ana yi. Zafin bana ba a magana. Baƙi sai shigowa suke, lemon da aka jiƙa a randa ya kusa ƙarewa.

Badi'a ta leƙa randar ta yi tsaki. Ta fara mitar da ta saba duk shekara, wai su ne masu shago guda a gari amma ranar Sallah su ne masu ƙarancin lemo. Wai yanzu zamani ya canza, manyan kantunan Kano ko awa ɗaya ba sa rufewa, ranar ma suka fi ciniki, yara duk kuɗin barka da Sallah a hannunsu suna neman inda za su kashe. Sa'adiya ta ce masu tsaron kantunan ai su ma da iyayensu da 'ya'yansu. Badi'a ta taɓe baki ta ce ai biyansu ake.

Can tana juya waina, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Bari dai in ce wa Abban yara ya kira Mumini ya ba ɗan acaba katan biyu masu sanyi."

Sa'adiya ta tsaya da ludayi a hannu.

"Wane Muminin?"

"Na shago mana."

"Ba yana Getso wajen iyalinsa ba?"

Wainar da ke kan tsinke ta suɓuce ta koma cikin tanda. Badi'a ta yi wata 'yar dariya mara daɗin ji.

"Au. Kin ga na manta yau Sallah. Zafin nan ne, Yaya, duk ya juya min kai."

Mace ta sha lalle hannu da ƙafa, tana sanye da leshin Sallah, tana toya wainar Sallah, wai ta manta yau Sallah. Ni dai ban ce komai ba, ita ma Sa'adiya ba ta ce ba. Ta ajiye ludayin, ta ɗauki mafici tana fifita, ta wuce ɗakin Inna kamar mai neman wani abu.

Inna na zaune bakin gado da carbi, kwanon tuwonsu a rufe a gabanta, tana jiran Sa'adiya su ci. Sa'adiya ta ɗaga kai. Makullin na nan a ƙusarsa, da jan zarensa, ko motsi bai yi ba. Ta sauke ajiyar zuciya, har ta fara jin kunyar zargin da ta yi.

"Me kike nema?" in ji Inna.

"Ba komai, Inna. Mafici."

"Ga shi a hannunki."

Kafin ta samu abin cewa aka yi sallama a zaure, muryar mace, baƙuwar murya. Sa'adiya ta ce bari ta duba, ta fita da sauri kamar an kore ta.

Wata mata ce tsaye, doguwa siririya, goye da jariri, yara biyu sun riƙe gefen hijabinta. Ƙafafunsu duk sun yi futu-futu, da gani daga nesa suke. Aka gaisa, aka tambayi ibada, aka tambayi gajiya da zafi da mutanen gida, aka yi fatan Allah ya maimaita. Sai da gaisuwa ta ƙare tas matar ta ce sunanta Hajaratu, matar Abdulmumini na shago ce, daga Getso take.

Sa'adiya ta ƙara dubanta. Abdulmumini ba baƙo ba ne, shekara ashirin da wani abu yana shagon, tun zamanin mahaifinsu. Matarsa ce dai ba ta taɓa gani ba.

"Lafiya dai? Ina Malam Muminin?"

"Yana shago, Hajiya. Ai shi ya kawo ni. Wajen Hajiya Babba na zo, roƙo zan yi."

"Wane shagon? Shago a rufe yake. Makulli na ɗaki, yanzu na gan shi."

Hajaratu ta dube ta, irin kallon da ake yi wa wanda ake zaton yana gwada mutum.

"Ƙofar gaba ce a rufe. Ta lungu ake sayarwa, wadda aka fasa don sauke kaya. Duk Gwarzo an sani."

Duk Gwarzo an sani. Sa'adiya ta dafa bangon zauren. Ita ce ma da bakinta ta yaba wa Jibirin lokacin da ya fasa ƙofar nan, ta ce ya yi dabara, motar kaya ta daina tare gaban shago.

Hajaratu ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa, ba faɗa ba kuka. Ta ce Sallah ta biyar ke nan, ƙarama da babba, mijinta bai ci tuwon Sallah a gidansa ba. A Gwarzo yake idi, daga masallaci sai shago, sai washegari da yamma su gan shi a gajiye. Yaran maƙwabta kowa ubansa ya riƙe masa hannu zuwa idi, nata sai dai ta haɗa su da na mutane. Yau babban ya ƙi saka sabon kayansa, ya ce ba wanda zai gani. Ta tambayi mijin sau nawa, ya ce umarnin masu shago ne, kada ta ja masa asarar abincinsu. Shi ne ta ce bari ta zo da ƙafarta ta durƙusa wa Hajiya Babba, tun da an ce ita ke da magana ta ƙarshe, ko babbar Sallah mai zuwa a bar mata shi.

Wato ita a zatonta Inna ce ta ba da umarnin.

A nan ne fa Sa'adiya ta yi abin da ni kaina sai da na ji haushinta. Maimakon ta kama hannun matar nan ta kai ta ɗaki, sai ta waiga ta tabbatar ba mai ji, ta kwance bakin gyalenta ta dunƙulo abin da ya samu ta tura mata.

"Ga goron Sallar yara. Ki koma gida, Hajiya ba ta jin daɗi yau, jininta ya hau. Ni na ɗauki maganar nan, zan gyara."

Hajaratu ba ta miƙa hannu ba.

"Bara ma haka Alhaji Jibirin ya ce zai gyara."

"Ni ba Jibirin ba ce. Ki yi haƙuri ki tafi, don Allah."

Ta cusa wa yaron kuɗin a aljihu ta juya, ba ta ko ce a kawo musu ruwa ba. Mutanen da suka taso tun daga Getso cikin wannan rana. Tsoro ne ya rufe mata ido, tsoron kalmar nan ta Inna. A ranta tana cewa in ta kashe wutar a ɓoye, ta sa Jibirin ya rufe yanzu, Inna ba za ta taɓa ji ba, kowa ya huta.

Tana wucewa ta ƙofar ɗaki Inna ta kira ta.

"Wace ce?"

Sa'adiya ta tsaya a bakin ƙofar.

"Wata ce mai neman taimako. Na sallame ta."

"Kin ba ta abinci?"

"Ta ce sauri take."

Inna ta ce "uhm", ta ci gaba da jan carbinta.

Sa'adiya ta wuce tabarmar maza, ta yi wa Jibirin alama da ido. Ya biyo ta bayan gida wajen rumbuna, yana tafe yana tura waya aljihu.

"Ba ni wayarka," ta ce.

"Ta me, Yaya?"

"In ga masu yi maka barka da Sallah tun safe."

Ya yi dariya ya ce abokan kasuwa ne. Ta ce matar Mumini ce ta zo. Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

"Tana ina?"

"Na kore ta. Saboda kai na kori baƙuwa ranar Sallah, na yi wa Inna ƙarya. Jibirin, ashe duk rantsuwar nan da hawayen nan..."

"Yaya, tsaya ki ji."

Ya matso, ya rage murya. Kuma kada ku ce bai da baki, Jibirin ko dutse ya tasa da magana sai ya gyaɗa kai. Ya ce lokacin Baba shago uku ne a layin, kuma tare suke rufewa. Yanzu sha ɗaya ne, ba mai rufewa sai su. Matar da magi ya yanke mata tana tsakar miyar Sallah ba za ta jira rana ta uku ba, gaba za ta yi, in kuma ta saba da gaba ba ta dawowa. Ya ce mutane ma addu'a suke masa da yake buɗewa, mai jego ta samu madara, mai baƙi ya samu lemo. Ya ce cinikin kwana biyun nan ya fi na mako biyu, da shi ake yi wa Inna sayayyar magani, da shi aka yi rufin ɗakin da take ciki. Addini bai hana ciniki ranar Sallah ba, ta je ta tambayi duk malamin da ta ga dama.

"To me ya hana ka zauna a shagon da kanka?" ta ce.

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"In abin kirki ne, me ya sa kai kana nan kana cin kaza cikin 'ya'yanka, shi yana can? Shi ba shi da gida?"

"Ina ƙara masa wani abu a kai."

"Ka taɓa tambayarsa ko yana so?"

"Bai taɓa cewa ba ya so ba."

"Yaushe ɗan aiki ya taɓa cewa ba ya so?"

Jibirin ya share gumin goshinsa da hular da ya cire. Sai ya canza salo, ya dawo lallashi. Ya ce ta rufa masa asiri na yau kaɗai, yanzu zai kira a rufe, babbar Sallah kuwa ko kusa da ƙofar ba mai zuwa. Da ya ga ba ta amsa ba sai ya ɗan karkata kai.

"Kuma kin san in ta fashe ba ni kaɗai ba ne. Ke kika tsaya min. Yanzu kuma ke kika kori matar."

Wannan ce ta fi yi mata ciwo, don gaskiya ce. Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Ƙanin da ta goya, wanda ta sha duka a kansa, yau shi ke nuna mata ramin da suke ciki tare. Ta ce ya kira yanzu a gabanta. Ya ce nan bayan gida ba sabis, su koma tsakar gida.

Suna zagayowa ta ga takalma a ƙofar ɗakin Inna. Silifa ɗaya na babba, ƙanana biyu, duk sun yi ƙura.

Hajaratu ba ta tafi ba. Ta tsaya a zaure ta yi tunaninta, ta ga ranar Sallah ba a hana mutum shiga gaisuwa, ta bi ayarin wasu mata ta shige.

Sa'adiya ta ɗaga labule ta shiga. Hajaratu na durƙushe, yaran na zaune an tura musu kwanon tuwon Inna suna ci. Fuskar Inna ba ta nuna komai, carbin ne dai ya tsaya. Badi'a da ta kawo waina ta maƙale jikin bango da faranti a hannu, ta kasa ajiyewa ta kasa fita.

"Jibirin na tare da ke?" in ji Inna.

"Ga ni, Inna."

"Shigo ka zauna. Baiwar Allah nan ta zo roƙona in sakar mata miji. Na ce mata ban san na ɗaure shi ba."

Jibirin ya durƙusa. Ya fara da cewa shi ma yanzu yake jin maganar. Ya ce makulli ga shi can a ƙusa kowa na gani. In har da gaske ana sayarwa ta lungu, to Mumini ne ke yi a bayan idonsa, dama kwanan nan ya fara lura kaya na raguwa. Ko kuma wani wajen yake zuwa ya fake da shago, mata ai ba su san komai a kan mazansu ba.

Hajaratu ta ɗago kai a karon farko.

"Alhaji, ɓarawo ka ce masa?"

"Ban ce ba. Cewa na yi a bincika."

"Za a bincika," in ji Inna. "Miƙa wa yayarka wayar."

"Inna, ai da kin bari..."

"Miƙa mata. Sa'adiya, kira Mumini da ita. Ki buɗe muryar kowa ya ji. Kada wanda ya yi tari."

Sa'adiya ta karɓa ta lalubo sunan. Ƙara ɗaya, biyu, aka ɗauka. Kafin ma a yi magana hayaniya ta cika ɗakin, muryoyin yara masu neman alawa, ƙarar janareta, wata mata na cewa a ba ta taliya biyu tana sauri.

"Alhaji, barka da Sallah," in ji Abdulmumini, yana haki. "Dama yanzu zan kira. Lemon gwangwani ya ƙare, in buɗe na sito kamar yadda ka ce da safe? Mutane har bakin lungu."

Duk ido ya koma kan Jibirin.

"Alhaji? Kana ji na? Sai kuma... don Allah in da hali, in an yi la'asar in rufe. Ko magariba in samu a Getso. Tun safe nake kiran uwar yaran ba ta ɗauka, ina jin fushi suke."

Hajaratu ta sa gefen hijabi ta rufe fuskarta.

Inna ta miƙo hannu, Sa'adiya ta kara mata wayar kusa da baki.

"Mumini."

Can ɓangaren har hayaniyar sai da ta yi kamar ta ja baya.

"Ha... Hajiya? Barka da Sallah, Hajiya. Allah ya ƙara girma."

"Ka ci abinci?"

"Na... na sha lemo da biskit."

"Sallami wanda ke gabanka, kada ka karɓi na bayansa. Ka ja ƙofa ka zauna. Iyalinka na wajena."

Ta janye kanta, alamar ta gama. Sa'adiya ta kashe wayar.

Jibirin ya fara magana da sauri, yana maimaita abin da ya faɗa a bayan gida, shago sha ɗaya, masu magi, kuɗin magani. Ya ƙara da cewa Baba bai taɓa faɗa musu dalilin dokar ba, doka kuma in ba dalili wata rana dole a taka ta. Inna ta bar shi har ya gaji don kansa.

"Dalili kake so?"

Ta juya fuskarta wajen taga. Ta ce sun san kafin Sa'adiya an yi wani ya koma. Suka ce sun sani. Ko yanzu, bayan shekara arba'in da biyar, ba ta ambaci sunansa ba, ɗan fari ne.

Ta ce lokacin mahaifinsu ba Alhaji ba ne, ma'aikaci ne a shagon wani attajiri a Kano, ita tana nan Garo a wannan ɗakin. Maigidansa ba ya rufewa ranar Sallah. Yaron yana wata takwas, zazzaɓi ya kama shi ranar jajibiri. Ta aika, aka ce masa ya bari a rage cinikin safe. Ta sake aikawa, aka ce ya bari a yi azahar. Babu waya a lokacin, sai direban motar da ya yarda ya kai saƙo. Da ya iso bayan la'asar, da 'yar riga da hula da ya sayo wa yaron a leda, mutane na dawowa daga maƙabarta.

"Bai yi kuka a gabana ba. Rigar ya ajiye a kan gadon nan, ya ce in Allah ya ba shi shago nasa, ba ɗan wani da zai tsaya masa a ciki ranar Sallah. Ba don ciniki haramun ba ne. Don ya san wanda ake bari a shago ba mai shagon ba ne."

Sa'adiya hawaye ke bin fuskarta, ba ta ma san sun zubo ba. Tausayin mahaifinta ya kama ta, da na Inna da ta riƙe wannan ita kaɗai, da kunyar kanta da ta fi komai nauyi.

"Kai na gama da kai," Inna ta ce wa Jibirin, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ba tun yau zuciyata ke gaya min ba. Na ƙi saurarenta ne saboda akwai wadda ta ce in kwantar da hankalina."

Ta juyo.

"Sa'adiya."

"Na'am, Inna."

"Ɗazu na tambaye ki wace ce a zaure."

"Eh, Inna."

"Kika ce mai neman taimako ce, kin sallame ta. Baiwar Allah nan ba ta ce min kun haɗu ba, ta rufa miki. Amma muryar da ta yi sallama a zaure ita ce ta yi sallama a ƙofata. Idona ne ya tafi, kunnena na nan."

Jibirin ya ɗago ya dubi yayarsa, yana girgiza mata kai a hankali. Hajaratu ta sunkuyar da kai. Hanya a buɗe take, ta ce ba ta gane matar ba, ta ce ba su kai ga maganar shago ba, ba mai ƙaryata ta a ɗakin.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Lokacin da kika faɗa min haka, kin san ko wace ce, kin san abin da ya kawo ta?"

Sa'adiya ta durƙusa gabanta.

"Na sani, Inna."

Inna ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta lalubi mayafinta ta yafa, ta zura carbin a wuya, ta miƙa hannu tana neman wanda zai tashe ta. Sa'adiya ta yi wuf ta tara nata kamar kullum.

Yatsun Inna suka taɓa hannun, suka gane shi, suka janye.

"Hajaratu kika ce sunanki? Zo ki kama ni, 'yata. A nemo mota, Gwarzo za mu, in ga ƙofar nan da hannuna."

"Inna, bari in ɗauko gyalena," in ji Sa'adiya.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta waigo ba.

"Zauna abinki. Na samu mai yi min jagora."